Layin da Mukhtari Ya Ce In Goge

Ranar Juma'a da safe Mukhtari ya zo teburina riƙe da kofin shayi biyu, nan take na san akwai magana. Shekara uku muna aiki tare, mutumin nan ko ruwan famfo bai taɓa miƙo min ba. Ya ajiye ɗaya a gabana, ya jawo kujera, ya tambayi lafiyar mijina Shamshon, ya tambayi 'yata Aminci da makaranta, har da su Mama a Zonkwa da bai taɓa gani ba.

"Yaya Mukhtari," na ce, "gaisuwar ta isa haka. Me ya lalace?"

"Ba abin da ya lalace, Abigel. Layi ɗaya kawai nake so ki goge min."

Bakano ne, ɗan Fagge, shi ne shugaban injiniyoyi a ɗan kamfaninmu da ke hawa na biyar a Long Island City. Mu goma sha huɗu ne duka, har da mai kamfanin. Shi ya ga takarduna ya ce a ɗauke ni, shi ya yi ta zirga-zirga har aka samo min bizar aiki. Shi Musulmi ni Kirista, amma a ofishin da mu biyu kaɗai ke jin Hausa ya zame min yaya, kuma da zuciya ɗaya nake kiransa haka.

Ƙananan kwamfutoci muke haɗawa, mu akwati muke ce musu, ana ajiye su a asibitocin unguwa. Injin gwajin jini ya gama aikinsa ya turo sakamako, akwatinmu ya karɓa ya zuba a fayil ɗin mara lafiya. A cikin kowane akwati akwai wani kati da ke karɓar saƙon, ni kuma na rubuta direbansa, wato 'yar manhajar da ke gaya wa katin abin da zai yi. A al'ada direba a cikin kernel yake zama, uwar manhajar nan da ke riƙe da komai na kwamfuta. Nawa a waje yake, cikin sauran manhajoji, saboda ya fi sauri kuma ya fi sauƙin gyara.

Ga inda matsalar take. Katin nan da kansa yake rubutu a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ya neman izinin kowa. Kwamfutoci masu tsada suna da wani abu da ake kira IOMMU, ni shinge nake ce masa, yana tsare katin a ɗan filin da aka ba shi. Allunan da mai kamfaninmu ya sayo ba su da shinge. In direbana ya kuskure adireshi ɗaya, katin zai rubuta duk inda aka nuna masa, ko da a kan sakamakon jinin wani ne.

Masu kula da kernel na Linux sun bar ƙofa ga irinmu. Suka ce in kana so ka yi aiki ba shinge, ga hanya, amma da zarar ka bi ta kernel zai sa wa kansa tabo. Akwai wata lamba da kowane mai bincike zai iya dubawa. In sifili ce, lafiya lau. In ka bi ƙofar nan sai ta koma sittin da huɗu. Layi ɗaya ne tak yake sa tabon, kuma a kansa Mukhtari yake magana.

"Ƙungiyar asibitocin nan talatin da biyu za su turo mai bincike ranar Alhamis," ya ce. "In ta ga lambar, kwangilar ta tashi. Mai gida ya ce a gyara."

"A gyara shingen ko a gyara lambar?"

"Ke ma kin san shinge ba ya fitowa daga sama."

"To lamba kuma ba ta ƙarya sai an sa ta."

Ya shafa gemunsa, ya rage murya duk da ba mai jin mu. Ya ce in tuna takardar sabunta bizata tana kan teburin mai kamfanin, saura wata biyu tawa ta ƙare. Ya ce ba barazana yake min ba, tuni ne kawai. Kai! Jinina ya hau har sai da na ji kunnuwana suna zafi. Na tura masa shayinsa na ce ya haɗa biyun ya sha.

Kada a fahimce ni baibai, ba na jin kunyar direbana. Wata takwas na yi ina fama da shi. Na taɓa yin cacar baki da wani injiniya a wani taro, yana ɗaga hanci wai ƙofar nan bai kamata a bar ta ba sam. Na ce masa ya zo Bronx ya ga irin injinan da mutane ke lallaɓawa, sannan ya dawo mu yi magana. Akwai wurin da aiki ba shinge ya dace, kuma ina alfahari da cewa na iya shi. Amma na san abin da na riƙe. A wata na biyar na aikin, a ɗakin gwaji, na kuskure lamba ɗaya. Katin ya je ya rubuta a kan fayil ɗin wani mara lafiyar bogi da muke gwaji da shi, sukarinsa ya tashi daga casa'in da biyu ya koma ɗari uku da arba'in da takwas. Da shirme ya koma da na gode wa Allah. Lamba ce mai kama da gaskiya, irin wadda likita zai gani ya ɗauko allura. Na gyara kuskuren a ranar, amma ba zan rantse babu wani ba, kuma duk injiniyan da ya rantse miki haka ki tashi daga kusa da shi.

Ranar Lahadi bayan mun taso daga coci na faɗa wa Shamshon. Muna gida a unguwarmu Morrisania da ke Bronx, na sauke gwaten acca, Aminci tana ɗaki da littafinta. Shamshon a bizata yake zaune a ƙasar nan, shi da yarinyar duka. Karatun jinya yake, saura masa shekara ɗaya. Ya ajiye cokali ya saurare ni har ƙarshe, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Maman Aminci, direban naki yana aiki ko ba ya aiki?"

"Yana aiki."

"In kin goge layin zai daina?"

"Ba zai daina ba."

"To meye abin tada jijiyar wuya? Ba ki canza komai ba, lamba ce kawai."

"Baban Aminci, kai da kake karatun jinya kake faɗar haka? In aka ce ka cire jan rubutun da ke jikin kwalbar magani, maganin bai canza ba ai. Za ka cire?"

"Kada ki kawo min wannan. Ni dai na san in suka kore ki, kwana sittin gare mu mu tattara. Shekara biyu na karatu su bi ruwa. Yarinyar nan ba ta san ko hanyar kasuwar Zonkwa ba. Ke kullum sai kin nuna kin fi kowa gaskiya."

Wannan maganar ta soke ni, don akwai gaskiya a cikinta. Tun ina firamare nake da taurin kai, Mama ta gaji da dukana ta bar ni. Na ji tsoro ƙwarai a ranar, ba zan ɓoye ba. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana, na wanke fuska, na fito na kwashe kwanoni. Shamshon bai ƙara cin gwaten ba.

Litinin na shiga ofishin Mukhtari da shawara biyu a rubuce. Ko a sayo alluna masu shinge, wata huɗu za a jira. Ko a faɗa wa masu asibitocin gaskiya, a raba aikin biyu: akwatinmu ya karɓi saƙo kawai, fayilolin marasa lafiya su zauna a wani injin daban da katin ba zai kai gare shi ba. Na ce wannan ta biyun zan iya gama ta a sati uku, ko ba barci. Ya karanta, ya ce duk ya kai wa mai kamfanin irin wannan tuni, mutumin ya ce a'a.

"Shi ke nan," na ce. "Zo mu je teburina."

Ya biyo ni yana murmushi, a zatonsa na sauko. Na buɗe fayil ɗin, na kai kan layin, na tashi na juya masa kujerar.

"Bismillah. Zauna ka goge."

A aikinmu akwai wata ƙa'ida. Duk canjin da aka yi, komai ƙanƙantarsa, sai an rubuta shi a rajista, a ƙasa kuma mai canjin ya sa cikakken sunansa, alamar ya ɗauki nauyin abin da ya yi. Ko bayan shekara goma aka zo, za a ga wane ne, a wace rana. Mukhtari ne da kansa ya koya min kada in taɓa wasa da wannan. Ya tsaya yana kallon kujerar kamar an zuba mata ruwan zafi.

"Ni manaja ne, Abigel. Ba na taɓa wannan ɓangaren."

"Haba Yaya! Kai da ka fara rubuta direba ina aji uku? Daƙiƙa biyar ba za ta ɗauke ka ba. Hannunka ne ke ciwo?"

"Direbanki ne. Sunanki ya kamata ya fito."

A nan na gane. Layin ba shi ne damuwarsu ba, kowa a ofishin nan zai iya goge shi. Suna suke nema. In wata rana wani ya sha allurar da ba tasa ba aka zo tono, sai a tarar da sunan wata baƙuwa mai biza, wadda korarta ba ta fi sa hannu ɗaya ba. Shi kuwa yana da fasfo ɗin ƙasar, yana da gida a Queens. Ban ce ya zauna ya shirya min haka da gangan ba. Amma ya san lissafin, fuskarsa ta nuna ya sani.

"Allah ya isa ban ce ba," na ce masa, "don ka yi min alheri a baya. Amma ba zan goge ba, yau ko gobe."

Talata da Laraba ba wanda ya ce min uffan. Mai kamfanin ya wuce ni sau biyu a baranda yana kallon wayarsa. Na ɗauka sun haƙura za su faɗi gaskiya. Wauta dai irin tawa.

Alhamis na iso ƙarfe tara saura, na buɗe rajista kamar kullum. Ga sabon canji, an yi shi Laraba da yamma bayan na tafi ɗauko Aminci. An goge layin. A ƙasa an rubuta Abigel Yunana, da adireshin imel ɗina, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Manhajar rajistar ba ta tambayar katin shaida, sunan da ka ba ta shi take rubutawa, amana ce kawai ke riƙe da ita. Na zauna ina kallon sunan mahaifina a ƙarƙashin ƙaryar da ban yi ba. Ban taɓa jin fushi irin na safiyar nan ba.

Na leƙa ofishin Mukhtari, ƙofa a rufe. Na ƙwanƙwasa, shiru, alhali ina ganin takalminsa ta ƙasan gilashi.

Ƙarfe goma mai binciken ta iso. Dattijuwa ce baƙar fata, da furfura da tabarau a rataye a wuya, ba ta da yawan magana. Aka shiga ɗakin taro, akwatin yana kan tebur a kunne. Mai kamfanin yana ta zuba kamar rediyo. Mukhtari ya zauna can ƙarshe, ya ƙi yarda mu haɗa ido. Matar ta bi takardarta ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan lambar. Ta buga, ta duba. Sifili. Ta ɗaga biro za ta yi alama, sai ta tsaya.

"Wa ya rubuta direban?" ta tambaya da Turanci.

Mai kamfanin ya nuna ni da murmushi har kunne, ya ce ga gwanarmu nan. Matar ta juyo gare ni.

"Kin tabbatar min katin nan a tsare yake, ba zai iya taɓa fayilolin marasa lafiya ba?"

Mukhtari ya ce da Hausa, a hankali, kamar mai tari: "Abigel, ki tuna Aminci."

To ai ita nake tunawa tun Juma'a, me ya ɗauka? Na tuna ta, na tuna Shamshon da littattafansa, na tuna jirgin da zai sauke mu a Abuja. Duk na gan su sarai. Na ce wa matar, "A'a. Ba a tsare yake ba. Allon nan ba shi da shinge, kuma sifilin da kika gani ƙarya ne."

Na jawo akwatin gabana na kashe shi na sake kunnawa. Injin yakan ajiye tsohon kernel a gefe saboda ko sabon ya ƙi tashi, sai na zaɓi na ranar Talata. Minti biyu muka yi muna jira, mai kamfanin yana cewa akwai rashin fahimta, za a yi bayani. Akwatin ya tashi. Na miƙa wa matar allon bugawa na ce ta duba da hannunta. Sittin da huɗu.

Ta sa tabarau ta kalli lambar, ta kalle ni. "Wa ya cire alamar?"

"Rajista ta ce ni ce. Ki tambaye su inda nake jiya ƙarfe biyar da rabi."

Ba ta tambaye su ba, rubutu kawai ta yi, mai tsawo. Sannan ta tambaye ni ko akwai yadda za a yi akwatin ya yi aiki lafiya. Na ce akwai, na ba ta takardar shawarata ta ranar Litinin, dama tana cikin jakata. Na ce mata direban yana da kyau, kuma zan tsaya a kansa a gaban kowa, amma a faɗa wa likitoci abin da aka ajiye musu a ɗaki. Ta ninke takardar ta sa a jaka, ta yi mana sallama.

Na san ba ni da lokaci mai yawa. Na koma teburina kai tsaye, na mayar da layin inda yake, na rubuta dalili a jimla biyu: an cire shi da sunana ba da sanina ba, na mayar da shi. A ƙasa na sa Abigel Yunana, da yatsuna. Na tura. Bayan minti ashirin aka rufe min komai, ƙarfe ɗaya aka kawo min wasiƙa da kwali in zuba kayana.

Mukhtari ya tare ni a bakin lif. Idanunsa sun yi ja.

"Ƙanwata, kin kashe kanki a banza. Mutum goma sha uku kika jefa a wahala."

"Kai ka rubuta sunana?"

Ya kau da kai.

"To daga yau Malam Mukhtari ne kai. Matsa min."

A jirgin ƙasa mai lamba biyar na rungume kwalin a cinya har Bronx. Wani ɗan Nijar mai sayar da hula da tabarau a bakin tasha, Mahamadou, da muke gaisawa kullum, ya ce, "Madam, yau da wuri haka?" Na ce eh, yau an tashe mu da wuri.

Shamshon yana teburin cin abinci da littattafansa. Ya ga kwalin, ya rufe littafin a hankali. Na faɗa masa komai a tsaye, har da sunan da aka rubuta. Na zaci wannan zai sa ya goyi bayana.

"Da kin yi shiru kawai," ya ce. "Ba ke kika goge ba, Allah ya sani. Da kin ce eh, ko ki ce a tambayi manaja. Kin kyauta wa marasa lafiyar da ba ki san ko sunansu ba. Mu fa?"

"Ba ni da amsar da za ta yi maka daɗi."

"In aka mayar da ke ɗakin nan yanzu?"

"Abin da na faɗa shi zan sake faɗa."

"Na sani," ya ce. "Abin da ke ƙona min rai ke nan."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Na ɗauka shi ke nan, yau ba magana. Sai ga shi ya fito da kwamfutata, ya ture littattafansa gefe, ya ajiye ta a gabana da ɗan ƙarfi.

"Buɗe. Saura awa ɗaya a je ɗauko yarinya, kuma ba na so ta tarar da mu haka. Kwana sittin ba wasa ba ne, fara nema."

Na buɗe. Kamfani na farko da na samu yana neman mai rubuta direba, kuma sun ce suna ɗaukar nauyin biza. Na cike suna, na cike makaranta, na cike shekarun aiki, Shamshon yana tsaye a bayana yana karantawa. Sai muka iso wani ɗan fili a ƙasa: me ya sa kika bar aikinki na baya?

Ya dafa kafaɗata. "Maman Aminci, don girman Allah. Ki ce an rage ma'aikata."

Na kama hannunsa na riƙe da hagu, don ina son mutumin nan, kuma na san ni na jawo masa wannan. Da hannun dama na buga: an ce in ɓoye cewa injin ba shi da shinge, na ƙi. Na danna aika tun kafin ya gama karantawa.